Zare: Kibod ɗin kan fuskar kwamfuta da hannuwan da aka manta da su a ƙasar Gumel

1/ Yau zaren tarihi ne, kuma da ɗan tsawo, a gyara zama. Magana ce a kan wani abu da ke cikin kusan kowace kwamfutar tebur a shagunan buga takardu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, amma da wuya ka ga an kunna shi: kibod ɗin da ke fitowa a kan fuskar kwamfuta. 🧵

2/ Ga wanda bai gane ba: kibod shi ne allon madannan da ake dannawa a yi rubutu. Akwai na roba da ke kan tebur. Akwai kuma hotonsa da kwamfuta ke iya nunawa a fuskarta, kana zaɓar haruffa da maus. Kamar na cikin wayarka dai, sai dai wannan ya girme shi nesa ba kusa ba.

3/ Abin da nake so in nuna shi ne, na'urar rubutu ta zo mana da sharaɗi biyu da ba mu muka gindaya ba. Na ɗaya, ka kasance mai yatsu goma lafiyayyu. Na biyu, harshenka ya shige cikin haruffa 26 na Turanci. 'Yan uwanmu da yawa sun faɗi a na farko, Hausa kuma ta faɗi a na biyu.

4/ Mu koma baya. Tafireta tun farkonta tana da alaƙa da masu nakasa. A wajen 1808 wani ɗan Italiya, Pellegrino Turri, ya ƙera wa wata makauniya 'yar gidan sarauta, Carolina Fantoni, na'urar da za ta riƙa buga wasiƙa da kanta. Na'urar ta ɓace, amma wasu daga cikin wasiƙun suna nan a ajiye har yau.

5/ Amfanin abin a gare ta a fili yake. Makaho a wancan zamani in zai aika wasiƙa, sai ya zaunar da wani ya fayyace masa cikinsa, shi kuma ya rubuta. Na'urar ta ba ta damar rufe sirrinta. Ku riƙe wannan batu na sirri, za mu sake cin karo da shi idan mun iso gida.

6/ Haka kuma a Danmak, Rasmus Malling-Hansen, shugaban makarantar kurame ta birnin Kofanhegan, ya yi rajistar tasa na'urar a 1870. Tana cikin tafiretocin farko da aka fara sayarwa a kasuwa. Wato masu tunanin farko, mutanen da ke zaune da makafi da kurame ne.

7/ Da abin ya zama kasuwancin ofis sai alƙibla ta sauya. A 1874 kamfanin Remington na Amurka ya fito da tafireta mai jerin QWERTY, wanda muke amfani da shi har gobe. A 1878 ya ƙara madannin Shift don babban baƙi. Daga nan aka ɗauka mai rubutu hannu biyu gare shi: ɗaya ya danne, ɗaya ya buga.

8/ Mu a nan, kafin Turawa su ci Kano a 1903, rubutunmu ajami ne, da alƙalamin kara da tawada. Kuma alƙalami hannu ɗaya yake nema. Malami mai hannu ɗaya zai jingina allo a gwiwa ya rubuta wa almajiri, ya rubuta wa sarki wasiƙa, ba wanda zai ce masa bai cika sharaɗi ba.

9/ Sai boko ya zo. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Turawa. Nan take aka yi karo da matsala: Hausa tana da sautukan da haruffan nan ba su tanadar wa wuri ba.

10/ Ku duba: baki da baƙi. Kura da ƙura. Bari da ɓari. Da da ɗa. In ba ka bambanta su a rubuce ba, ka bar mai karatu da lalube. Marubutan farko kowa da dabararsa: wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya maƙala waƙafi a gefensa.

11/ A shekarun 1930 ne aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ ɗ ƙ, ta hannun Hukumar Talifi da ke Zariya zamanin Rupert East. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana edita. Maɗaba'a ta samu haruffanta. Amma maɗaba'a daban, tafiretar akawu daban.

12/ Tafiretocin da suka cika ofisoshin En'e da kotuna da na masu sayen gyaɗa, musamman bayan layin dogo ya ratsa Gagarawa ya isa Nguru a 1930, don Turanci aka ƙera su. Akawu mai kula sai ya buga k, ya zare takarda, ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kawunan haruffa ɗaya bayan ɗaya. Marar kula ya bar su haka.

13/ A shekarun 1980 an yi yunƙurin gyara. Cibiyar harsuna ta ƙasa da masana irin su Farfesa Kay Williamson suka tsara jerin haruffa guda da zai ɗauki harsunan Najeriya, Bajamushen nan mai zanen haruffa Hermann Zapf ya sa hannu a zanen. Kafin abin ya bazu zuwa irin garuruwanmu, kwamfuta ta fara ture tafireta.

14/ A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka fitar da Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta. ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk sun samu shiga. To amma samun lamba a cikin na'ura bai sa an ba su madanni a kan tebur ba. Harafin yana ciki, ƙofar shigarsa ce babu.

15/ Mu ajiye harshe nan, mu ɗauko ɗaya igiyar: hannu. A farkon shekarun 1960, a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, Reg Maling ya ga marasa lafiyar da jikinsu ya shanye daga wuya zuwa ƙasa suna busa usur don kiran ma'aikata. Ya ce in mutum na iya busa usur, zai iya sarrafa na'ura.

16/ Daga nan aka samu Possum: bututu a baki, mutum ya zuƙa ko ya hura, da haka ya zaɓi harafi, tafiretar lantarki ta buga. Darasin da aka koya shi ne, ba dole kowane harafi ya samu yatsarsa ba. Motsi ɗaya tak ya isa, in dai na'ura za ta jera maka haruffan ta jira ka zaɓa.

17/ Wannan dabarar ce ta riƙe Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila. A 1985 ya rasa muryarsa bayan tiyatar maƙogwaro. Sai ya koma zaɓar kalmomi a fuskar kwamfuta da madanni ɗaya a hannu, da hannun ya gaza kuma ya koma motsin kunci. A 2015 kamfanin Intel ya saki manhajar da ya yi masa kyauta ga kowa.

18/ Kwamfutar tebur kuwa ta gaji halin tafireta, har ta ƙara. Ku tuna Ctrl da Alt da Delete, madannai uku a lokaci guda. Da gangan injiniyan IBM ya zaɓe su don kada a danna bisa kuskure. Ga mai hannu biyu kariya ce. Ga mai buga rubutu da yatsa ɗaya ko da sanda a baki, ƙofa ce a kulle.

19/ Masu bincike a cibiyar Trace ta Jami'ar Wisconsin suka kawo mafita a shekarun 1980: ka danna Shift ka saki, kwamfuta ta riƙe maka shi har ka danna na gaba. Sunansa Sticky Keys, mu ce madannai masu danƙo. Tun Windows 95 yake cikin kwamfuta. Shi ne ke yin ƙara in ka danna Shift sau 5 a jere.

20/ Wallahi yara nawa ne a shago suka ɗauka kwamfuta ce ta lalace in akwatin nan ya faɗo, su yi maza su rufe shi? Alhali aikin shekaru ne da aka yi don wani ɗan uwansu.

21/ Sai kibod ɗin kan fuska, wanda ya shigo cikin Windows 2000, kuma bai fita ba har yau. Hanya uku ake amfani da shi. Ta ɗaya, ka kai maus kan harafi ka danna. Ta biyu, ka kai maus ka tsaya ɗan lokaci, harafin ya bugu da kansa, ba sai ka danna komai ba.

22/ Ta uku ita ce jikar Possum. Haske yana bin jerin madannai layi-layi, in ya zo layinka ka taɓa madanni ɗaya, ya shiga bin cikin layin har ya iso harafinka, ka sake taɓawa. Da gwiwar hannu ma ana yi, da ƙafa ana yi. Kuma a nan Shift ba ya neman hannu na biyu, dannawa ɗaya ya tsaya yana jiranka.

23/ To yaushe wannan ya iso mana? A daidai wannan lokacin ne, zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, Jigawa ta ɗauki kwamfuta da zafi, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure. A Gumel kuma Kwalejin Ilimi, wadda ta faro tun 1976, ta jawo shagunan buga furojet da takardu a kewayenta.

24/ Wato kwamfutocin da suka shigo ƙasar Lautai sun zo da abin nan a cikinsu tun ranar farko. Amma mu ta wata ƙofa muka san shi: ƙura. Hunturu ya busa, yashi ya shige ƙarƙashin madannai, harafi ɗaya ya mutu. Mai gyara ya buɗo kibod ɗin kan fuska a lallaɓa kafin a sayo sabo. Mun san shi a matsayin faci.

25/ Su wa aka yi wa shi a garuruwanmu? Wanda kuturta ta ci wa yatsu. Wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Matashin da injin niƙa ko na casa ya cire wa yatsu. Wanda haɗarin babur ya bar wa hannu ɗaya. Tsoho mai karkarwar hannu. Yaron da aka haifa gaɓoɓinsa a ƙanƙame amma kansa garau.

26/ Shan inna, wadda aka tabbatar an raba Afirka da nau'inta na daji a Agustan 2020, ta fi kama ƙafa. Waɗanda ta bari matsalarsu ta fi yawa a dakalin shago da tsawon tebur. Amma akwai waɗanda ta taɓa wa hannu, su ma suna cikin lissafi.

27/ Yanzu mu leƙa Maigatari, don bakin iyaka yana da tasa matsalar. Kasuwar Alhamis tana haɗa mu da 'yan uwanmu na Jihar Damagaram. Harshe ɗaya muke yi, amma kibod biyu muka gada: mu QWERTY na Ingilishi, su AZERTY na Faransa. A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ya ƙaura.

28/ Abin da ya fi ciwo a AZERTY, lambobin jerin sama sai an danne Shift suke fitowa. Ka ɗauki mai hannu ɗaya da zai shigar da lambar NIN, guda 11, ko BVN, ita ma 11, a tsohuwar laftof ɗin Faransa marar madannan lamba a gefe. Ka ga aiki. A kibod ɗin kan fuska, ka sauya tsari kawai, hoton madannan ya sauya nan take.

29/ Har rubutun Hausar ma iyaka ta raba. A Nijar ana rubuta ƴ, mu a Najeriya mun fi rubuta 'y. Kibod na roba abin da aka zana masa a masana'anta shi ke nan. Na kan fuska kuwa yau ya zama Hausa, an jima Faransanci, an jima Larabci don mai rubuta takardun Islamiyya, kuma kowane harafi kana ganinsa a wurinsa.

30/ A nan igiyoyin biyu suka haɗu. Windows yana da tsarin madannai na Hausa. In ka sa shi, ƙ tana fitowa da danne Alt na dama tare da k. Haka ɓ da ɗ da ƴ. Madannai biyu kenan a lokaci guda. Babban Ƙ kuwa uku: Shift, Alt na dama, da k.

31/ Kun ga abin da ya faru? Mai lalurar hannu a Gagarawa, rubuta harshen uwarsa daidai ya fi masa wuya a kan rubuta Turanci. Ba mugunta aka shirya ba, an dai ɗora gyaran harshe a kan zaton hannu biyu. Kibod ɗin kan fuska yana warware wannan: ka taɓa AltGr, haruffa masu lanƙwasa su bayyana, ka taɓa wanda kake so.

32/ Wani zai ce ai yanzu kowa waya yake riƙe. Gaskiya ne. Tun fitowar iPhone a 2007 kibod ɗin kan fuska ya zama na kowa, in ka sa Hausa a Gboard ka daɗe a kan k sai ƙ ta fito. Abin da aka fara don masu nakasa ya zama abin duniya. Sai dai fa ƙofofin da suka fi muhimmanci har yanzu a kan tebur suke.

33/ JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. A 2017 ta kawo tsarin madannai 8 don wanda bai saba da maus ba, ta kuma kafa kwamiti na musamman don makafi da sauran masu lalura. Wannan ci gaba ne. Amma bayan jarrabawa akwai rajistar makaranta, furojet, neman aiki, tantance 'yan fansho, da aikin ofis kansa.

34/ Na taɓa zama a wani shago, aka shigo da wani dattijo daga wani ƙauye na Sule Tankarkar, tsohon malamin firamare. Ɓarin hagunsa ya shanye, yatsun damansa sun ƙanƙame. Fom zai cika a intanet. Yaron shago ya ce, "Baba, faɗo lambar sirrin in sa maka." Shago cike da mutane. Dattijon ya yi shiru yana duban ƙasa.

35/ Na ce wa yaron, "Ɗan juya masa fuskar kwamfutar wajen bango, ka buɗo kibod ɗin ciki, ka sa shi a kan tsayawa." Baba ya ɗora tafin hannu a kan maus yana turawa a hankali. Ya ɗauki mintoci, na bayansa har sun fara tsaki. Amma shi ya shigar da abinsa, ba wanda ya ji. Sirrin da aka nema wa Carolina a 1808 kenan.

36/ Ta fuskar hukuma, Jigawa ba ta yi baya ba. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya fara biyan masu nakasa alawus na naira 7,000 a wata. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

37/ Tambayata ita ce, in an ba mutum gurbin aiki, an gina masa gangaren shiga ofis, ya zauna a gaban kwamfuta, sai me? In ba wanda ya nuna masa yadda zai yi rubutu da hannun da Allah Ya bar masa, ƙarshenta a ce ya riƙa zuwa yana sa hannu a rajista yana komawa gida. Alawus yana rage raɗaɗi, sana'a ita ke riƙe mutunci.

38/ Kada in yi zuƙi ta malle, abin yana da iyaka. Yana da nawa, ba zai kamo mai yatsu goma ba. Hasashen kalmomi da ke rage wahala bai san Hausa ba. Kuma ba ya amfanar makaho, shi manhajar karanta fuska yake buƙata, irin NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka faro a 2006 kuma kyauta ce.

39/ Ga yadda ake buɗe shi, a ajiye: a Windows 10 ko 11, danna madannin Windows da Ctrl da O. In madannai uku sun yi yawa, ka rubuta osk a wurin bincike na ƙasa. Tun a shafin shigar da lambar sirri ma akwai alamarsa a kusurwar ƙasa ta dama. A cikin Options ake zaɓar dannawa, tsayawa ko bin haske.

40/ Mai karkarwar hannu da harafi ke fito masa biyu-biyu, a kunna masa Filter Keys: a danne Shift na dama na daƙiƙa 8. Mai yatsa ɗaya mai ƙarfi, Sticky Keys ya ishe shi, ya ma fi sauri. A ƙara Hausa a jerin harsunan kibod. Duk wannan ba data, ba kuɗi, ba sai an kira injiniya daga Kano ba.

41/ Roƙona ga masu shaguna da cibiyoyin jarrabawa na ƙananan hukumominmu huɗu: ku ware kwamfuta ɗaya kusa da ƙofa, teburinta ƙasa-ƙasa, fuskarta ba ta kallon jama'a, ku bar waɗannan abubuwa a buɗe. Ku koya wa yaranku su fara tambaya, "Baba, za ka sa da kanka ne ko in taya ka?" kafin su ja kibod gabansu.

42/ Malamanmu masu koyar da kwamfuta, musamman masu horar da malaman gobe a Gumel, darasi ɗaya ya isa a nuna wannan. Ɗalibin da ya koya zai kai shi firamare a Gagarawa ko Maigatari inda ba za ku taɓa zuwa ba. In ka san wani mai lalurar hannu da ya haƙura da kwamfuta, ka tura masa zaren nan ko ka karanta masa.

43/ Masu amfani da abin da kansu, ku faɗa mana a ƙasa abin da ke ba ku wahala da dabarun da kuka gano, ku ne malamanmu a wannan fanni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu amfani juna. 🙏